Araha Ba Ta Ado: Inji Mai Bugu Biyu Ko Mai Bugu Huɗu?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu, 2023, da yawa cikinmu suka koma tunanin ɗaura wa keke ƙaramin inji. Dabara ce mai kyau. Amma dillalai sun tasa mu gaba da kirarin inji mai bugu biyu, wai ya fi araha, ya fi ƙarfi. Mu kuwa muna cewa wannan arahar tarko ce, kuma ba za mu yi shiru ba.

Bari mu ba su haƙƙinsu tukuna. Mai bugu biyu yana ba da ƙarfi a kowane juyi ɗaya na inji, mai bugu huɗu kuwa sai a juyi biyu: ya zuƙi mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Don haka na farkon ya fi zafin nama, ba shi da nauyi, ba shi da bawul, kowane makanike na bakin titi yana iya kwance shi. Duk gaskiya ne.

To, amma me suka ɓoye? A cikin mai bugu biyu, sabon mai yana shiga ne a daidai lokacin da hayaƙi ke fita, saboda haka wani kaso na fetur ɗin da muka saya da guminmu yana bin salansa ba tare da ya ƙone ba. Sa'an nan tilas a riƙa gauraya baƙin mai da fetur, kashi 1 cikin 25 zuwa 1 cikin 50. In an rage, fistan ya cije. In an ƙara, filogi ya toshe. Wannan baƙin man shi ne shuɗin hayaƙin da ƙannenmu ke shaƙa a hanyar makaranta. Ba banza ba hukumomin Bangaladash suka hana masu ƙafa uku irin wannan injin yawo a birnin Daka tun 2003. Huhunmu ya fi nasu araha ne? Ga kuma yaudara: injinan da ake rubuta wa cc 80, galibinsu cc 66 ne.

Tarihi ma yana bayanmu. Soichiro Honda da kansa ya fara ne a 1946 da ɗaura wa kekuna injina masu bugu biyu, amma babur ɗinsa Super Cub na 1958, wanda aka ƙera fiye da miliyan 100 zuwa 2017, mai bugu huɗu ne. Wanda ya san hanya ya bar ta, sai mu ce za mu bi?

Saboda haka muna kira ga kowa: in da hali, a daure a cika kuɗi a sayi mai bugu huɗu na cc 49, a riƙa juye masa baƙin mai a kan kari. Kada a manta birkin keke ba don gudun inji aka yi shi ba, a gyara shi kafin a hau. Ku kuma ɗaliban aikin injiniya, ilimin da talakawa suka biya muku bashi ne a kanku. Ku fito ku wayar da kan jama'a. Rigakafi ya fi magani.