Mai jinya ma yana buƙatar mai jinya

1/ Jama'ar Tambuwal da Kebbe, yau ni da ku ne. In ciwon daji ya shiga gida, kowa na tambayar ya mai jiki. Wa ke tambayar wadda ta kwana tana juya shi, tana wanke shi, tana kwashe amai? Ku bi zaren nan har ƙarshe.

2/ Gashi da allurar kemo ba a asibitin gari ake yin su ba. Sai an dangana da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Daga Tambuwal kusan kilomita 100 ne. Mutumin Kebbe ko Kuchi, tasa tafiyar ta fi haka.

3/ Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Kemo galibi duk sati 3 ake komawa. Gashi kuwa Litinin zuwa Juma'a, har makonni. Kuɗin mota na mutum biyu, abinci, gwajin jini, wurin kwana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kun san yadda kuɗin mota ya koma.

4/ To wa ke bin mara lafiya? Mace. In ba matarsa ba, ɗiyarsa. Yarinya tana aji 5 a sakandare, a ce ta ɗan dakata "har Baba ya samu sauƙi". Dakatawar nan sau da yawa ita ce ƙarshen karatunta.

5/ Mu samari fa? Mu zo dubiya da lemo, mu yi minti 10, mu sa hoto a WhatsApp: "a taya mu da addu'a". Addu'a gaskiya ce. Amma wallahi wanke mahaifinka ba aikin ƙanwarka ba ne ita kaɗai.

6/ Za a ce ai lada take samu. Ƙwarai. To mi ya sa kai ba ka son ladar? Kullum a ce mata ta yi haƙuri, in ta ce ta gaji a ce ba ta da tausayi. Gajiya ba rashin imani ba ce.

7/ Ga abin da ya fi ban takaici. An sai da tumaki da gero don magani, dangi shiru. Ranar da aka yi rasuwa sai ga buhunan shinkafa da motoci jere. Da rabin kuɗin nan ya zo tun yana numfashi fa?

8/ Hukuma ma ba ta kuɓuta ba. Tun 2022 aka sa hannu a dokar NHIA, da tanadin asusun marasa ƙarfi. Jiha na da SOCHEMA, tana da hukumar zakka da waƙafi. Ku tambayi kansila da ɗan majalisarku: mutum nawa a mazaɓarmu aka yi wa rajista?

9/ Buƙatarmu ba ta da yawa: masauki kusa da asibiti don masu jinya, da tallafin kuɗin mota daga ƙaramar hukuma. Wanda ya iya raba babura lokacin kamfe zai iya wannan.

10/ Kafin su motsa, mu fara daga gida. A raba kwana, maza da mata. Na Legas da Abuja su ɗau kuɗin magani duk wata, ba sai an roƙa ba. 'Yar makaranta ta koma aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

11/ In akwai mai jinya a danginku, kira ta yau. Kar ka tsaya a "ya mai jiki". Ce mata: ranar Asabar ni zan kwana, ki je ki yi barci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa rukunin dangi.