Kilomita 21 Da Ƙafafun Uwar 'Ya'ya Uku

 Yau ba maganar zazzaɓin yara ko allurar rigakafi na zo da ita ba. Labarin kaina zan ba ku. Ranar Asabar da ta wuce na shiga gasar rabin gudun famfalaki a nan Abuja, kilomita 21 da 'yar ɗoriyar mita 97, kuma Allah Ya sa na kai ƙarshe cikin awa 2 da minti 41. Na gaba sun gama tun ina tsakiyar hanya. Letesenbet Gidey 'yar Habasha ta taɓa cinye wannan tazarar cikin awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a Balensiya a 2021, kun ga ni ko ƙurarta ban hango ba. Amma wallahi da na tsallake layin nan sai da na yi hawaye.

Ba son wasa ne ya fitar da ni titi ba, tsoro ne. A cikina na uku na yi fama da hawan jinin masu ciki, kuma shekara guda bayan haihuwa awona yana nan a 150/95. Na fi kowa sanin ma'anar hakan, domin mu muke gaya wa mata a asibiti cewa wadda ta yi hawan jini da ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya a gaba. Mahaifiyata kuma shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita tana da shekara 54. Ni na yi jinyarta. Ranar da likita ya rubuta mini magani, na kalli 'yar autata a baya, na ce ba na son wata rana ita ma ta riƙa juya ni a kan gado.

Da tafiya na fara, minti 20 bayan sallar asuba. Daga nan na koma gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu. Sai da na yi wata huɗu kafin na iya kilomita 5 ba tsayawa. Maganganu kuwa na sha su. Maƙwabciyata ta tare ni wata safiya tana salati: "Maman Hanifa, lafiya? Wa ya biyo ki?" Surukata Hajiya cewa ta yi, "Ke yanzu da girmanki, da 'ya'ya uku, ki riƙa tsere a titi?" Na ce, "Hajiya, likita ne ya ce in motsa jiki saboda jinin nan." Ta yi shiru, can ta ce, "To Allah Ya ba da lafiya, amma ki suturta jikinki." Haka nake yi: dogon wando mai faɗi, riga har gwiwa, da ƙaramin hijabi mara nauyi. Abban Hanifa ne ya riƙa raka ni watannin farko, har na samu wasu mata biyu da muke fita tare.

Ranar gasar na yi kuskure biyu, kuma duka na san su tun kafin in yi. Na farko, zumuɗi. Da aka busa usur na bi ayari da saurin da bai kai nawa ba, ina ganin kamar ƙarfin ba zai ƙare ba. Na biyu, na sa sabon takalmi da sau ɗaya tak na gwada shi. Kafin kilomita 12 bororo ya fito mini a diddige. A kilomita 16 ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, dole na koma tafiya. Na tauna dabino biyu, na kurɓi ruwa, na dawo tsarina na farkon koyo, gudu kaɗan tafiya kaɗan. Da shi na lallaɓa har na hango Hanifa tana tsalle tana kiran "Umma! Umma!"

Akwai wata magana da kunya take hana mu faɗa. Lokacin da na fara gudu, fitsari yana ɗan zubo mini. Mata da yawa da suka haihu suna fama da haka in sun yi tari, ko atishawa, ko tsalle, saboda ciki da naƙuda suna raunana tsokar da take riƙe mafitsara da mahaifa. Yana da magani. Ki matse wurin kamar kina riƙe fitsari da iska lokaci guda, ki ƙirga biyar, ki saki, ki maimaita sau goma, sau uku a rana. Kada ki yi shi lokacin da kike kan yin fitsari. Yakan ɗauki kamar wata uku kafin a ga canji sosai. Idan bai ragu ba, ko kina jin kamar wani abu yana saukowa ta gaba, ki je asibiti, kada ki zauna da shi.

Yanzu burina cikakken gudun, kilomita 42 da mita 195, a gasar birnin Legas. Tun 2016 ake yin ta, galibi a watan Fabrairu. A shekarun baya ana tashi ne daga babban filin wasa na Surulere, a haye gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Na ba kaina mako 20 na shiri, fita huɗu a mako: uku gajeru, ɗaya dogo ranar da ba ni da aiki. Dogon zai fara daga kilomita 14, in riƙa ƙarawa a hankali har 30 ko 32. Ba zan ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kan jimillar makon baya ba, kuma kowane mako na huɗu zan rage don jiki ya farfaɗo. Mako uku na ƙarshe na sassautawa ne.

Cikakken gudun ba rabi sau biyu ba ne. Sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa wajen kilomita 30, a nan ne mutane da yawa suke durƙushewa. Don haka dole in saba da cin wani abu ina cikin gudu, dabino ko ayaba duk bayan minti 40. Ruwa ma da ƙa'ida. Ƙarancinsa haɗari ne, amma ɗirkar ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, har ya kai ga suma. Ga kuma bambancin yanayi: a hunturun Abuja zan yi shiri, cikin ƙura da bushewar iska, alhali Legas zafi ne mai gumi.

Na gindaya wa kaina sharuɗɗa. Zan auna yawan jinina kafin in fara da kuma a tsakiya, tunda ƙarancin jini ya yi mana yawa mu mata. Ba gudu washegarin aikin dare, barci ya fi. Fatana in gama cikin awa 6. Idan gwiwa ko awon jini suka ce a'a, zan haƙura sai wata shekara, domin lafiya na fito nema.

Abin da yake ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne, sai a 1984 aka fara barin mata su yi wannan gudun a gasar Olamfik. Shekara 40 bayan nan, a Faris, Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai wakiltar ƙasar Holan, ta ci zinare, ta hau karɓarsa da hijabinta. Na nuna wa Hajiya hoton a waya, ta daɗe tana kallo.

'Yar uwa, ban ce ki shiga gasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau biyar. Ko a tsakar gida ana iya yi. Mai jego ta fara da tafiya, ta jira kamar mako 12 kafin gudu, wadda aka yi wa tiyata kuma sai da izinin likita. Ciwon ƙirji, jiri, numfashi sama-sama ko zubar jini, duk alamun tsayawa ne a nufi asibiti. Mai shan maganin hawan jini kada ta ajiye shi don ta fara motsa jiki. Ni ma ina shan nawa, awona na jiya 128/82, alhamdu lillahi.

Ke me yake hana ki fita, lokaci ne, ko maigida, ko bakin mutane? Ki rubuto a ƙasa mu ji, wata ta taɓa tsallake irin naki. Ku sa ni a addu'a, bororon nan ma bai gama warkewa ba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.