Babana ba jahili ba ne

Hutun da ya wuce na raka babana daga Gidigir zuwa wani ofis saboda takardar gona. Ma'aikacin ko ɗago kai bai yi ba, ya turo tawada ya ce, "Baba, kawo yatsa." A gurbin ilimi kuma ya rubuta kalmar nan ta Faransanci mai nufin wanda bai san baƙi ba. Ni ɗan jami'a ina tsaye, na yi shiru kamar malam ya ci shirwa. Har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Mutumin nan fa ya sauke Alƙur'ani tun ba a haifi ma'aikacin ba. Duk wanda ya karɓi hatsi ko kanwa bashi a hannunsa, sunansa da yawan tiya suna cikin littafinsa da ajami. Da ajami yake aika wa ƙanensa wasiƙa Kano. Bayan isha'i yakan buɗe Imfiraji ta Aliyu Namangi ya rera mana. To dan Allah, wane ne bai san baƙi ba?

Abin da muka fara koya a sashen nazarin harshe shi ne harafi alama ce da mutane suka amince da ita, babu wanda aka saukar don ya fi wani iya ɗaukar Hausa. Nana Asma'u ta rasu a 1864, ta bar waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano kuwa sai 1909 aka buɗe ta. Malaman Barno ma da nasu Tarjumo na fassara Alƙur'ani. A Yamai, cibiyar IRSH na ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu da Boubou Hama ya fara tarawa. Mu nawa muka taɓa leƙawa?

Wani abokina ya ce wai ajami ba shi da ƙa'ida, kowa da yadda yake rubutawa. Haka ne. Amma bokon da ƙa'idarsa ya faɗo? Sai da aka zauna a Bamako a 1966, kuma har gobe mu muna rubuta ƴ, ƴan Najeriya na rubuta 'y. Faransancin da muke tinƙaho da shi, kalmar ruwa haruffa uku ce, sauti ɗaya, ba wanda ya ce a yar da shi. Ƙa'ida zama ake yi a tsara ta.

Tun watan Maris na 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Amma in Bahaushen da ke rubuta Hausarsa zai ci gaba da dangwala yatsa, me ya sake? A bar mutum ya sa hannu da rubutun da ya iya, a daina ƙidaya shi cikin jahilai.

Laifin ba na ofis ba ne kaɗai. Ni kaina wasiƙar babana sai na yi ta in-ina kafin in kai ƙarshe. A hanyar komawa gida ya dubi yatsansa ya ce, "Ɗana, da shi nake riƙe alƙalami."

Saboda haka ƴan uwa, in kun je hutu ku roƙi tsofaffi su buɗe muku gafaka tun gara ba ta riga ku ba. Ku ɗauki hoto, ku zauna su karanta muku, ku kawo mu buga. Ni na fara, kullum da hantsi shafi ɗaya, Baba na gyara mini yana dariya.