Ina Kaset-Kaset Ɗin Shata Na Wajen Biki Suka Shiga?

Ku yi min haƙuri, wannan makon na jingine labarin da muke ciki, domin akwai wani abu da ya tsaya min a rai tun ranar da na je ta'aziyya Fagge, kuma na san in ban amayar da shi ba alƙalamina ba zai yi tafiya ba.

Kafin in fara rubuta littattafai yaron shago ne ni a Kasuwar Singa. Maigidana, Allah Ya jiƙan sa, sarin sukari da fulawa da taliya yake yi, kuma duk layinmu an san shi da abu biyu: ba ya ba da bashi ranar Juma'a, sannan ba ya rabo da Shata. Yana da wata rikoda mai cin batir shida a kan kanta, daga buɗe shago har a tashi Shata ne a ciki, sai lokacin sallah a kashe. Ni kuwa aikina, ban da ƙirga buhu da biyan 'yan dako, shi ne juya kaset, in kuma rikoda ta tauna zare in sa biro in naɗe shi a hankali. Ranar Juma'ar da aka yi sanarwar rasuwar Shata, 18 ga Yuni 1999, ina tsaye a gabansa. Bai ce komai ba, sai ya miƙa hannu ya kashe rikodar, kuma ba a sake kunna ta ba sai da aka yi bakwai.

To kaset ɗin Alhaji ba irin na kanti ba ne masu hoto a jiki. Na wajen biki ne. Wasu shi da kansa ya ɗauka, ya je da rikodarsa ya ajiye kusa da lasifika, wasu direbobin tirela da ke kawo mana kaya suka zo masa da su daga Funtuwa, Katsina, Gusau, har da Maraɗi. Musaya suke yi, ka ba ni na bikin wane in ba ka na wasan sallar wuri kaza. A jikin kowanne ya rubuta gari da shekara da ajami. A ciki za ka ji guɗa, ka ji sanƙira yana shelar kyauta, ka ji wani ya yi tari a bakin rikoda, ka ji Shata ya tsaya yana yi wa makaɗansa magana sannan kalangu ya sake ɗauka. Wata rana na ce masa, "Alhaji, wannan ai duk hayaniya ce, me zai hana a sa mai kyau?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wanda kake kira mai kyau an ɗaure shi ne a ɗaki aka ce ya yi. Wannan kuwa shi ne Shatan."

A lokacin na ɗauka son rai ne irin na dattawa. Yanzu na gane gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya san Shata ya san ba ya zama ya tsara waƙa a gida, a fili take zo masa, gwargwadon wanda ya gani a gabansa da abin da aka yi masa. Shi ya sa ko Bakandamiyarsa ba guda ɗaya ba ce, yadda ya yi ta a wannan gari daban da yadda ya yi ta a wancan, ya ƙara nan ya rage can. Mutumin da aka haifa a Musawa a 1923, ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa kusan kullum, nawa ne daga ciki ya shiga faifai ko ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyo? Mafi yawa a iska ya tafi. Ɗan abin da ya tsira, irin su Alhaji ne suka tsirar da shi, 'yan kasuwa da direbobi da teloli waɗanda ba wanda ya taɓa kiran su masana.

Abin da ya faru shi ne, bayan an yi addu'a na ja babban ɗansa gefe na tambaye shi kwalayen kaset ɗin Baba. Sai ya ce, "Wai waɗannan tarkacen, Yaya? Ai tun da aka gyara sito aka fitar da su. Ruwa ya taɓa wasu, yara sun warware wasu suna wasa da zaren." Kwali huɗu na sani da idona. Da ƙyar muka tono guda goma sha ɗaya a ƙarƙashin gadon tsohuwa. Ban ga laifin yaron ba wallahi, shi a waya ya san Shata, kuma a ganinsa duk abin da Shata ya yi yana cikin wayar.

Nan ne kuskuren da yawancinmu muke yi. Gaskiya ne yau in ka shiga YouTube ko ka je wurin masu tura waƙa a waya za a cika maka memori da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge a kan kuɗi kaɗan. Amma ka duba da kyau, waƙoƙin nan ne dai sanannu suke ta zagayawa. Wanda ya fito daga wajen biki kuma an yanke masa kai da gindi, an cire gaisuwa da shelar sanƙira, ba gari, ba shekara, ba sunan mai biki. Wani ma sai ya ɗora muryarsa a kai yana tallar lambar wayarsa. A TikTok kuwa daƙiƙa talatin ake gutsura a ɗora a kan hoton mota. Waƙar da aka raba ta da ranarta da wurinta ta zama kamar wasiƙar da aka yage adireshinta.

Wani ƙanena da ke karatu a waje ne ya ba ni labarin wasu makaɗan Amurka da ake kira Grateful Dead, na kuma bi na karanta. Sun fara a 1965 a Kalifoniya, suka yi ta yi har jagoransu Jerry Garcia ya rasu a 1995, sun yi wasa a bainar jama'a fiye da sau 2,300. Kiɗansu ba irin namu ba ne, ban ma iya sauraron sa na minti goma ba, amma halinsu ɗaya da Shata: ba sa yin waƙa iri ɗaya sau biyu. Masoyansu suka riƙa shiga da rikoda a ɓoye suna ɗauka. Maimakon a kore su, daga 1984 sai aka ware musu wuri na musamman a filin wasa, da sharaɗin musaya za su yi a tsakaninsu ba sayarwa ba. Kowane kaset da ranarsa da garinsa da jerin waƙoƙin da aka yi. Ɗaya daga cikin masu tara kaset ɗin nan, Dick Latvala, shi suka ɗauka ya zama mai kula da taskarsu, kuma daga 1993 aka fara fitar da zaɓaɓɓun wasanninsu da sunansa ana sayarwa. Yau dubban waɗannan ɗauke-ɗauke suna ajiye a Internet Archive kowa na iya saurare, takardunsu da hotunansu suna Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz tun 2008, wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu 1977 kuwa har Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin muryoyin da ƙasa za ta adana. Ku duba fa, abin da masu rikoda a ƙarƙashin riga suka fara ne ya kai nan.

Na san abin da wasu abokaina marubuta za su ce: yau kai ne kake yabon masu kwafa? Ni da na sha kuka a kan satar fasaha, na taɓa ganin littafina an juye shi ana rabawa a waya tun kafin in mayar da kuɗin ɗab'i. Ban canza ra'ayi ba. Amma a raba tsakanin mutum biyu. Akwai wanda ya ɗauki abin da mai shi ya kashe kuɗi ya fitar kasuwa ya kwafa ya karya masa ciniki, wannan ɓarawo ne. Akwai kuma wanda ya ɗauki abin da in bai ɗauka ba shi ke nan ya ɓace har abada. Littafina ko an sace shi yana nan. Daren da Shata ya yi a wani ƙauye a 1978 kuwa, in kaset ɗin ya lalace babu inda za a sake samo shi. Duk da haka ban ce a ci haƙƙin magada ba. Shata ya bar iyali, Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991 ya bar 'ya'ya da jikoki suna kan sana'ar. In za a fitar da wani abu a sayar, da su za a zauna, kuma rabonsu ne farko.

Laifin da nake gani babba yana wurin masu riƙe da kayan su kansu, kuma a nan ba zan ɓoye ba har da maigidana. Akwai rowa a cikin masoya Shata. Mutum yana da kaset ɗin da ba kowa ke da shi ba, sai ya mai da shi abin alfahari a majalisa, ya kunna maka rabi ya kashe, ka roƙe shi ya kwafa maka ya ce sai wani jiƙon. Alhaji yana da guda uku da ko ni ba ya bari in taɓa. Suna cikin waɗanda ba mu gani ba. Shi kaset ba ƙarfe ba ne, zafi yana cin sa, danshi yana sa masa fumfuna, zaren yana manne wa juna. Injinan da za su karanta shi ma ƙarewa suke yi, tun 2019 UNESCO ta yi gargaɗi a kan haka. Ga kuma wuta. Wanda ya ga abin da gobarar 2016 ta yi wa Kasuwar Sabon Gari, da waɗanda suka sha tashi a Singa kanta, ya san sito ba wurin ajiyar abin da ba shi da na biyu ba ne.

Malamai sun yi nasu ƙoƙarin. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana tun 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya daɗe yana rubuce waƙoƙin baka a littattafai. Amma takarda ba ta ɗaukar sautin kalangu, kuma malami ba zai san abin da ke ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Fagge ba sai an kai masa. Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Duk mai kaset na wajen biki ya fito da shi a juye a kwamfuta cikakke, ba yanka, da hayaniyarsa da komai. A ɗauki hoton rubutun da ke jikinsa. In mai shi yana raye a zaunar da shi ya faɗi bikin wa ne, wa ya ɗauka, su wa ke wurin. Sannan a yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya a kai Jami'ar Bayero ko Gidan Ɗan Hausa ko Arewa House a Kaduna, ɗaya kuma a saki ga jama'a da sanin iyalan mawaƙin. 'Yan kasuwar Singa da ke iya cika tirela da sukari kafin azahar, kuɗin wannan aiki bai kai na dakon rana ɗaya ba a wurinsu.

Guda goma sha ɗayan nan suna wurina yanzu da izinin magada. Na samo tsohuwar rikoda a wurin wani mai gyara a Sabon Gari, ya canza mata bel. Bakwai sun yi magana, biyu zaren ya tsinke amma ya ce za a iya liƙawa, biyu kuwa fumfuna ta gama da su. A cikin bakwai ɗin akwai wanda Alhaji ya rubuta wa Funtuwa a jiki, shekarar ta goge. Can wajen tsakiyar gefe na biyu, ana cikin kiɗa, sai na ji wata murya kusa da rikodar tana cewa wani ya matsa kada ya taka masa waya. Muryar Alhaji ce yana saurayi. Na kira ɗan nasa na kara masa wayata a jikin lasifika, ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, don Allah tariyo min."