A Daina Shirya wa Tarihin Duniya da Katin Hadda

Duk shekara, da zarar Afrilu ya kama, wata kasuwa takan ci a Amurka. Jarrabawar tarihin duniya ta AP tana tafe a watan Mayu, ɗaliban sakandare sama da 300,000 ne za su zauna mata, akasarinsu 'yan shekara 15 zuwa 16, kuma kowa na neman yanke. Nan za ka ga littattafan shiri masu kauri kamar bulo, da katunan hadda a Quizlet, da bidiyoyin YouTube masu alƙawarin dunƙule wa yaro shekara 800 a zama ɗaya. Iyaye sun riga sun biya kusan dala 100 kuɗin jarrabawa, suna fatan yaro ya samu maki 4 ko 5, don jami'o'i da yawa kan yafe wa mai irin wannan sakamako kwas guda, kuma kwas a jami'ar Amurka kuɗi ne ba na wasa ba. Cikin iyayen nan har da namu, Hausawan Bronx da sauran biranen ƙasar, waɗanda in sun ga yaro ya duƙufa a kan kati yana maimaita shekaru sai hankalinsu ya kwanta, su ce yana karatu.

Ba karatu yake yi ba. Lokacinsa yake ƙonawa, kuma masu sayar masa da katin sun fi kowa sanin haka.

Mu duba jarrabawar kanta, tunda ita ce alƙali. Sa'a 3 da minti 15 ake yi. Akwai tambayoyin canki-canka guda 55, da gajerun amsoshi guda 3, da doguwar muƙala, sai kuma ginshiƙin abin, wato tambayar takardu, wadda ita kaɗai ke ɗauke da kashi 25 cikin 100 na maki. A wannan sashe ana miƙa wa yaro takardu 7 na wani zamani: wasiƙar wani gwamna, wa'azin wani malami, taswira, ko zanen barkwanci na jarida. A ba shi sa'a guda, a ce ya ɗauki matsaya ya kare ta da su. Ko tambayoyin canki-cankan ma ba tsirara suke zuwa ba, kowane rukuni na rataye ne da wani nassi ko hoto da sai an karanta an fahimta. To ina katin da ke cewa “Mansa Musa, 1324, zinariya” zai kai yaro a nan?

Ɗauki Mansa Musan kansa. Mafi shaharar labarin zinariyar da ya zubar a Alƙahira daga al-Umari aka samo shi, kuma al-Umari bai ga sarkin da idonsa ba. Bayan wajen shekara 12 da wucewar ayarin ya bi mutanen da suka yi hulɗa da baƙon yana tambayarsu, ciki har da jami'in fadar da aka ɗora wa tarbarsa, sannan ya rubuta cewa darajar zinariya ta faɗi a Masar saboda yawan abin da Malawa suka kashe. Yaron da ya san wannan, in aka ajiye masa nassin, zai tambaya: wa ke magana, daga bakin wa ya ji, wa yake rubuta wa, me fadar Mamluka ke son sani game da ƙasar da zinariya ke fitowa? Waɗannan tambayoyi su ne ake ba wa maki. Kuma mu bai kamata su zama mana baƙi ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya ji ana bin isnadi ana tantance maruwaita kafin a karɓi magana, kuma tun 1377 Ibn Khaldun ya caccaki marubuta tarihi masu kwashe adadin mayaƙa yadda suka ji shi ba tare da sun auna shi da hankali ba. Abin mamaki ne uba da ya gaji wannan tarbiyya ya koma yana yaba wa ɗansa don ya zama aku.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce yaro maki yake nema, ba digirin falsafa ba, kuma wanda kansa fanko ne ba shi da abin da zai kafa hujja da shi. Rabin maganar gaskiya ne. Dole a san abubuwa. A tambayar takardun ma akwai maki guda da ba a samunsa sai an kawo hujja daga wajen takardun, daga abin da ɗalibi ya sani. Hadda tana da muhallinta, ba mu ne za a koya wa darajarta ba. Inda muka rabu shi ne yadda sani ke zama a kai. Ka ba yaro kati uku: Potosi 1545, Manila 1571, daular Ming. Kafin Mayu biyu sun zube. Amma ka ba shi labarin yadda Sifaniyawa suka tarar da dutsen azurfa a Potosi, a ƙasar Bolibiya ta yau, suka tilasta wa 'yan ƙasa aikin haƙa ta hanyar karɓa-karɓa, jiragensu suka riƙa tsallaka tekun Pasifik da azurfar nahiyar Amurka zuwa Manila, can kuma 'yan kasuwar Sin na jira da siliki da tangaran, saboda gwamnatin Ming ta koma karɓar haraji da azurfa. Yanzu shekarun sun samu igiyar da ta ɗaure su. Kuma da wannan labari ɗaya zai iya amsa tambaya kan ciniki, ko aikin tilas, ko haraji, ko dauloli masu jiragen ruwa. Mai kati sai an tambaye shi daidai abin da ke kan katin, kuma ba a yi.

Akwai wasu masu laifin da suka fi masu kati wayo. Su ne masu koyar da ƙwarangwal. Sun san maki 7 ake rabawa a tambayar takardu, sun san inda kowanne yake, sai su haddatar da yaro jimlolin da zai cusa: ga ta buɗewa, ga ta shimfiɗa yanayin zamani, ga wadda za a liƙa wa kowace takarda cewa marubucin yana da son zuciya. Sanin yadda ake rabon maki wajibi ne, wauta ce a shiga fili ba a san dokar wasa ba. Amma cewa marubuci yana da son zuciya ba ta sayen komai in ba ka nuna yadda matsayinsa ya juya abin da ya faɗa ba, da yadda hakan ya shafi hujjarka. Masu duba takardun malaman sakandare ne da na jami'a da ke karanta ɗaruruwan amsoshi a mako guda. Tun daga layi na biyu suke gane tuwon da aka ɗumama.

Kada a ɗauka ina wanke hukumar College Board, mai shirya jarrabawar. Ita ce ta fara nuna wa yara cewa tarihi kaya ne da ake yankewa daidai girman buhu. Da can kwas ɗin yana farawa ne tun daga farkon noma, shekaru dubbai kafin haihuwar Annabi Isa. A 2018 hukumar ta sanar cewa za ta yanke shi ya fara daga 1450, wai kayan sun yi wa shekara guda yawa. Malamai suka yi ca, kuma da hujjarsu: in ka fara daga 1450, Afirka za ta shigo labarin ne daidai lokacin da jiragen Fotugal suka fara kwasar bayi a gaɓarta, Mali ta riga ta wuce ganiyarta, Mansa Musa ya fi shekara 100 a kabari. Yaro baƙar fata a aji zai fara ganin kakanninsa ne cikin sarƙa. Hukumar ta ja da baya zuwa 1200, aka fara aiki da hakan a 2019. An tsira da Mali, amma dubi abin da ya rage a waje: Masar ta dā, Nubiya, Aksum, tsohuwar daular Gana, bayyanar Musulunci ɗungurungum. Bagadaza da aka kafa a 762 tana shigowa ne saura shekara 58 Mongol su rusa ta. (Mu dai ba mu da bakin dariya. A Najeriya cire darasin tarihi aka yi daga firamare da ƙaramar sakandare na kusan shekara goma, kafin a dawo ana lalubensa.)

Ga kuma wadda ta fi ci mini rai. Manhajar ta ambaci masarautun Hausa a kashin farko, tare da Habasha da tsohuwar Zimbabuwe, a matsayin misalan kafa ƙasa a Afirka, kuma madalla. Amma Daular Sakkwato an ajiye ta ne a kashi na 6, ƙarƙashin martanin 'yan ƙasa ga mamayar dauloli, a jere ɗaya da yaƙin Yaa Asantewaa da na Samori Ture. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, ya rasu a 1817. Taron Balin sai 1884, Turawan Ingila ba su ci Sakkwato ba sai 1903. Wane Bature Shehu ke mayar wa martani? Rigimarsa da sarakunan Gobir ce, a kan addini da zalunci da haraji, muhawara ce ta cikin gida mai tushe a littattafan malaman yankin. Yaron da ya dogara da kati zai haddace “Sakkwato, turjiya ga mulkin mallaka”, ya fita da kuskure a kai, wataƙila har ya kawo shi gida.

Wanda ya koyi karanta takarda kuwa yana da mafita, har da riba. Akwai wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi musaya, waɗanda Bello ya adana a Infaƙul Maisuri: al-Kanemi na ƙalubalantar halaccin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, Bello na mayar masa da hujjojinsa. Malamai biyu, kowanne da ƙasar da yake karewa, kuma ɗayansu ne ya tattara mana muhawarar. Babu atisayen da ya fi wannan ga mai shirin tambayar takardu. Ɗalibin da ya iya nuna cewa Afirka ta ƙarni na 19 tana kafa dauloli don dalilan kanta, ba don Bature kaɗai ba, ya kama hanyar makin da ake bayarwa don zurfin fahimta, wanda shi ne ya fi wuyar samu.

Abin takaicin, kayan shiri na gaskiya kyauta ne. Hukumar na sakin tambayoyin muƙala na shekarun baya a shafinta, tare da amsoshin ɗalibai na ainihi da bayanin dalilin da ya sa wannan ta ci maki waccan ta rasa. Daga watan Maris yaro ya ɗauki tambaya ɗaya duk mako, ya sa agogo, ya buga amsar a kwamfuta tunda daga 2025 a kanta ake rubuta jarrabawar, sannan ya gwada tasa da waɗancan. In ya gama ya karanta wa wani babba a gida matsayarsa da baki, a bar babban ya yi masa gardama. Ba sai uba ya san Ming ko Potosi ba kafin ya tambayi ɗansa wa ya faɗi haka, kuma me ya sa za a yarda da shi.