Kafin Ka Hau Babur, Dubi Kayan Jikinka

Garin Konduga yana kudu maso gabashin Maiduguri, a kan hanyar da ta nufi Bama, kimanin kilomita 35 daga babban birnin Jihar Borno. A kan wannan hanya na koyi darasin da nake so in ba ka yau, ya kai ɗalibi. A shekarun baya nakan tashi daga Konduga da sassafe a kan babur, in tafi aiki Maiduguri. Wata safiya cikin watan Janairu sanyi ya kama yatsuna har suka sandare. Can sai ga akuya ta gitta gabana. Na kai hannu zan damƙe birki, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa da sauri. Allah ya kiyaye, na faɗa cikin yashin gefen hanya, na tashi da ƙujewa kawai. Ran nan ba gudu nake yi ba, babur ɗin kuma lafiyarsa lau. Rashin safar hannu ne ya kayar da ni.

Tun daga ranar na riƙe ra'ayi guda: kayan da mahayi ya sa a jikinsa wani sashe ne na babur, kamar birki da fitila. Wanda yake da kuɗin sayen babur, amma ya ce ba shi da na hular kwano da rigar ruwa, to bai gama sayen babur ba tukuna.

Wataƙila ka ce ai an hana hawan babur a Maiduguri. Haka ne. A watan Yuli na shekarar 2011 gwamnatin Jihar Borno ta hana hawansa a cikin birnin saboda matsalar tsaro, jama'a suka koma ga keke da Keke Napep. Inda duk hukuma ta hana, sai a bi doka. Amma a garuruwa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar nan, har yanzu babur ne motar talaka. Shi ke kai malami makaranta, ya kai manomi gona, ya kai marar lafiya asibiti. Da wuya ka gama karatu ba ka hau shi ba, ko kana tuƙi, ko an goya ka. Mai keke ma zai amfana da yawancin abin da zan faɗa, domin iskar da ke dukan mai babur ita ke dukansa.

Lokuta biyu ne suke gwada mahayi a Arewa. Na farko shi ne hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin ne busasshiyar iska take kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Mutumin da ke tsaye zai iya jure wannan, amma mahayi yana keta iska ne, iskar kuwa tana kwashe ɗumin jiki da sauri. Na biyu shi ne damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ruwa kuma ya fi ƙarfi a watan Agusta. Jiƙaƙƙen tufafi yana zuƙe ɗumin jiki fiye da busasshe nesa ba kusa ba. Wanda sanyi ya ratsa, hannunsa yakan yi nauyi, hankalinsa ya koma kan yadda zai isa gida, ya ƙara gudu a lokacin da ya kamata ya rage.

To, da me za ka fara in kuɗinka kaɗan ne? Fara da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, tana kuma rage haɗarin mummunan rauni a kai da kusan kashi 70. A ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a Nijeriya. Wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a kansu don su kauce wa kamu, aka yi ta dariya. Amma kwalta ba ta san wasa ba. Hular kirki tana da ƙoƙo mai ƙarfi a waje, da soso mai kauri kuma mai tauri a ciki, da maɗauri da ke bi ta ƙarƙashin haɓa. Hular masu aikin gini ba ta babur ba ce. Ka gwada kafin ka biya: in ka girgiza kai ta yi lilo, ta yi maka yawa. Kada ka sayi tsohuwa, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa tana iya lalacewa daga ciki ba tare da ido ya gani ba. Gilashinta kuma ya zama fari garau. Baƙin gilashi yana da kyau da rana, amma da asuba cikin hazo makanta yake ƙara wa mutum.

Daga kai sai jiki. Riga ɗaya mai kauri ba ta kai riguna uku marasa nauyi ba. Ka sa ta ciki mai laushi, ka ɗora rigar sanyi, sa'an nan ka rufe da wadda iska ba ta ratsawa. Iskar da ke maƙale tsakanin rigunan ita ce take riƙe ɗumi. Ga kuma wani amfani: a ƙasarmu sanyin safe ba ya daɗewa, kafin azahar rana ta take, sai ka tuɓe ɗaya ka ajiye. A nan gwanjo yana da rana. A Kasuwar Monday ta Maiduguri, ko wata babbar kasuwa da ke kusa da kai, za ka sami rigar sanyi mai kyau da sauƙin kuɗi. Dubi wuyanta da bakin hannunta, domin ta nan iska take shiga. Ka ƙara da ƙyalle mai tsabta na rufe hanci da baki saboda ƙura.

Hannu da ƙafa su ne suke sarrafa babur, su ne kuma aka fi mantawa da su. Ka nemi safar hannu ta fata, wadda ba ta yi kaurin da zai hana ka jin birki ba. A ƙafa kuwa, silifas ba takalmin tuƙi ba ne. Yana zamewa in ya jiƙe, yana fita in ka sa ƙafa ƙasa, ba ya kuma kāre yatsu. Takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu shi ya dace. Da damina takalmin roba mai tsawo yana taimako, muddin ƙasansa ba mai santsi ba ne.

Game da rigar ruwa, na fi son mai kashi biyu, wato riga da wando. Irin babbar nan mai kama da bargo tana da araha, amma iska tana hura ta, ta rufe madubi, wani lokaci ma ta shiga taya. Kafin ka saya, juya ta ka dubi ɗinkin. In ba a like bayan ɗinkin ba, ruwa zai bi ramukan allura ya shiga. Zaɓi launi mai haske, kamar rawaya ko ruwan lemo. Cikin ruwan sama ko hazo, direban mota ba ya saurin hango mai baƙaƙen kaya, kuma wanda ba a gani ba, ba a kauce masa. Saboda haka 'yar riga mai ƙyalli da ake ɗorawa a sama ta fi kuɗinta amfani.

Akwai kuma maganar tufafinmu na gargajiya. Babbar riga ado ce a wurin biki da masallacin Juma'a, amma a kan babur tana kama iska, bakinta kuma yana iya faɗawa cikin sarƙa. Naɗe ta ka sa a jaka, ka sa ta in ka isa. Ke ma ɗaliba, in an goya ki, tattara bakin hijabinki da zanenki ki riƙe su a cinya. Ƙyalle ɗaya da ya shiga taya ya isa ya fizgo mutum ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce kayan suna da tsada. Amma ba dole ne a saye su rana ɗaya ba. A fara da hula, a bi da safa, sauran su biyo baya. Ka kuma kwatanta kuɗinsu da na jinyar karaya da watannin da mutum zai yi bai nemi na abinci ba. Wasu za su ce hular tana da zafi, ko suna ƙyamar wadda kowa yake sawa. Maganin wannan shi ne mutum ya mallaki tasa, ko ya sa ƙyalle a ƙarƙashinta. Wasu kuma za su ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, amma mai wannan magana yana kulle ƙofarsa da dare, yana kuma shan magani in ya kamu da zazzaɓi.

Duk da haka, kaya suna da iyaka. Ruwan farko yana haɗuwa da ƙura da man da ya zuba a kwalta, hanya ta yi santsi, babu rigar da za ta hana taya zamewa sai rage gudu. A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau da ke kan Kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri. Wanda ya ga wannan ya san ƙarfin ruwa. In ka tarar da ruwa yana gudu a kan hanya, kuma ba ka ganin ƙasansa, tsaya ka jira.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sayi rigar ruwa tun da bazara, ka nemi safar hannu tun da kaka, kafin buƙata ta taso, kuɗinsu ya hau. Kowace safiya, kafin ka tada babur, dubi kanka da hannunka da ƙafarka kamar yadda kake duba mai a tanki. Mutanen gidanku suna jiran dawowarka da yamma.

Tambayoyi

1. Me ya jawo faɗuwar marubucin a hanyar Konduga?
2. Kawo siffofi uku na hular kwano mai kyau.
3. Don me riguna uku marasa nauyi suka fi ɗaya mai kauri?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: ba a fafe gora ranar tafiya.
5. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Rubuta dalilanka cikin jimloli biyar.