Benzowet Da Tantanin Ƙwayar Cuta

Jama'a, wanda duk ya sayi lemon kwalba a Kasuwar Wuse ya duba rubutun da ke jikinsa, sau da yawa zai ga sunan wani magani wai shi benzowet. Aikinsa hana abin sha lalacewa. Yadda yake wannan aiki kuwa abin mamaki ne.

Kowace ƙwayar yis ko ta fumfuna tana lulluɓe da wani tantani siriri, wanda aka yi da wani irin mai da masana ke kira fosfolifid. Tantanin ruɓi biyu ne: kawunan man suna fuskantar ruwa, jelarsu kuwa tana ɓuya a tsakiya. Abu mai caji, kamar gishirin da ya narke, ba ya ƙetare wannan katanga sai da ƙofa. To, a cikin ruwa mai tsami benzowet yakan rikiɗa ya zama asid maras caji mai narkewa cikin mai, sai ya ratsa tantanin kamar ɓarawon da ya san gida. Da ya shiga ciki, inda babu tsami, sai ya saki tsaminsa. Ƙwayar ta yi ta ɓarnar ƙarfinta wajen fitar da shi, har ta kasa hayayyafa.

Watau in babu tsami, maganin ragon banza ne. Ma'aunin tsami na pH in ya haura 4.5, ƙarfinsa yakan faɗi ƙwarai. Saboda haka yana kama zoɓo, amma mai zuba shi cikin madarar waken suya asarar kuɗi kawai take yi, in ma ta ƙara yawansa jikin masu sha ne zai ɗauka.

Batun yawa kuwa ya taɓa tayar da ƙura. A 2017 wata Babbar Kotu a Legas ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a kwalaben Fanta da Sprite, domin benzowet in ya haɗu da bitamin C yana iya haifar da benzin, musamman cikin zafi da haske. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a nan Abuja ta amsa cewa lemon bai haura ƙa'idar Nijeriya ba, miligram 250 a kilo, ko da yake ta Ingila 150 ce.

A ganina inda ya fi bukatar ido shi ne zoɓon gora da ake zuba wa magani da cokali ba awo, a kuma jera shi cikin ranar Maris a bakin tasha tun hantsi har la'asar.